Haƙoran Bayan Keke Ba Sa Jin Guduma

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, keke ya dawo titunanmu da wata daraja da ya daɗe bai samu ba. Malamin makarantar da ya jingine babur, da ɗalibin da kuɗin adaidaita sahu ya fi ƙarfin aljihunsa, da maigadi, da leburan gini, da ƙaramin ma'aikaci, kowa ya kakkaɓe tsohon kekensa ko ya shiga kasuwa ya sayo na gwanjo. Ba wannan ne karon farko ba. Mutanen Maiduguri sun rungumi keke tun 2011 da aka hana hawa babur a birnin, Kanawa da dama kuma sun koma masa bayan hana acaɓa a farkon 2013. Abin da ya bambanta wannan karon shi ne irin kekunan da suka cika gari.

Keken iyayenmu, ko Raleigh ne, wanda har an taɓa haɗa shi a Kano, ko Phoenix ko Hero, faifan haƙora ɗaya gare shi a baya. Na yau kuwa, waɗanda ake sauke mana daga Turai da Amurka da Asiya, za ka tarar da faifai shida, bakwai, takwas, har tara a jere, daga babba zuwa ƙarami. Kekuna sun canza, amma akwatin mai gyaran keke da ke ƙarƙashin darbejiya yana nan yadda ya gaje shi daga maigidansa: guduma, kurfi, filaya, sifana biyu ko uku, famfo, da sholishon faci. Wannan tazara da ke tsakanin sabon keke da tsohon akwati ita nake son yin magana a kanta, kuma babu inda ta fi fitowa fili kamar wurin cire haƙoran baya daga jikin wili. Wani zai ce wannan ƙaramin abu ne da bai kai a ɓata shafin jarida a kansa ba. Ni da nake hawa keke zuwa wurin aiki kullum na san ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Me ke sa a cire su tun farko? Dalilai uku ne suka fi yawa. Na ɗaya, karyewar sifok, wato siraran wayoyin nan da ke haɗa rim da cibiyar wili. Na ɓangaren sarƙa su suka fi shan wahala, domin a keke mai giya an fi ɗaure su tamau saboda a bar wa haƙora wuri, kuma ramin da ake zura sabo a jikin cibiya yana ɓoye ne a bayan babban faifai. Muddin haƙora na nan, ba yadda za a zura sabon sifok ba tare da an lanƙwasa shi an raunana shi ba. Na biyu, cinyewar haƙoran su kansu. Tsakanin kowace ƙusar sarƙa da ta gabanta rabin inci ne. Idan sarƙa ta tsufa sai ta ƙara tsawo kaɗan, ta riƙa sassaƙe haƙora har su yi tsini, ranar da aka sa sabuwa kuma sai ta riƙa tsallake su duk lokacin da aka taka da ƙarfi. Na uku, gyaran boris ɗin cibiya, ko sauya aksul, sandar ƙarfen da wili ke juyawa a kanta, idan ya lanƙwashe. A duk ukun, aikin da za a yi mai sauƙi ne, ƙofar shigarsa ce ke da wuya.

Wuyar kuma tana da dalili. Irin haƙoran da muka fi sani, wanda masu gyara ke kira firiwil, dunƙule guda ne. Faifan, da abin da ke ba da ƙarar nan ta tik-tik-tik idan an daina taka feda, duk a haɗe suke, kuma ana murɗa shi ne a kan tiredin cibiya kamar murfin kwalba. Yana ɗaurewa ta dama, yadda hannun agogo ke tafiya, kuma nan ne daidai inda sarƙa ke jan sa. Ke nan duk takun feda ƙarin ɗauri ne. Mu ɗan yi lissafi. A ce mutum mai nauyin kilo 70 ya miƙe tsaye a kan feda mai hannu santimita 17, babban faifan gaba mai haƙora 44 kuma daga tsakiyarsa zuwa bakinsa kusan santimita 9 ne. Jan da sarƙa za ta yi zai kai na kilo 130, kusan ninkin nauyin mahayin. A ɗora buhun masara a kariya, a hau tudu, a yi haka shekara uku, ga ruwan damina ga ƙurar hunturu suna shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Babu makaniken da ya ɗaure firiwil ɗin nan haka. Ƙafafun mai keken ne suka ɗaure shi, kullum kaɗan-kaɗan.

Ga wani abin da ke ƙara rikita al'amarin. Idan ka kama faifan ka juya su ta hagu da niyyar kwancewa, sai su yi ta juyawa a banza suna tik-tik, domin haka aka ƙera su, don mahayi ya huta a gangara. Abin da ke manne da cibiya shi ne ƙashin ciki, kuma ba a isa gare shi sai da wani ɗan mabuɗin ƙarfe mai tsaga-tsaga, wanda ke shiga ramin tsakiya ya kama shi daram. Mabuɗin bai kai ƙwan kaza girma ba. Rashinsa ne ke sa a ɗauko guduma.

Na ga hakan da idona a wata damina, lokacin da sifok biyu suka karye mini a ɓangaren sarƙa, wilin baya ya fara rawa yana gugar birki. Mai gyaran farko da na je wurinsa ya duba ya ce zai lanƙwasa sabbin sifok ɗin ya cusa su a hakan. Na yi godiya na wuce. A wuri na biyu na tarar da layi, sai na zauna a kan benci ina jira. A gabana akwai wani bawan Allah mai tallar burodi, kekensa mai faifai takwas ne, yaron shago kuma ya dafa kurfi a jikin ƙaramin faifai yana ta bugu. Ya bugi dama, ya bugi hagu. Zoben da ke bakin haƙoran ya lotse, tsagoginsa suka shafe, har wani abu ya yi ƙara a ciki, faifan suka koma juyawa gaba da baya ba sa kama komai. Yaron ya ɗago ya share gumi ya ce, “Malam, wannan wilin ya mutu, sai dai a sayo wani.”

Mai burodin bai yi faɗa ba. Ya tambayi kuɗin wili, aka gaya masa, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, “To, bari in je in dawo.” Ya ɗora akwatin burodinsa a ka ya tafi a ƙasa. Abin da ya kawo shi sifok ɗaya ne. Garin neman gira ya rasa ido, kuma ba shi ya riƙe gudumar ba.

Da layi ya zo kaina, yaron ya sake ɗaukar kurfi. Na ce masa, “Dakata, ɗan samari, ba ku da mabuɗinsa ne?” Ya ce, “Malam, mu haka muke yi.” Na ce, “In ya fashe fa?” Ya ce, “Sai a sa sabo.” Bai faɗa da rashin kunya ba, abin da aka koya masa ya faɗa. Na ɗauki wilina na ƙara gaba, amma amsar nan ta bi ni. Wa zai biya kuɗin sabon? Mai keke. Wa zai yi kwana uku ko mako guda yana tafiya a ƙasa kafin ya haɗa kuɗin? Mai keke. A irin wannan gyara, kuskure ba ya cin aljihun wanda ya yi shi, shi ya sa ba ya ƙarewa.

Wani mai shayi ne ya yi mini kwatancen wani dattijo a bakin kasuwa, ya ce duk keken da ya gagari yara can ake kai shi. Na same shi a wata 'yar rumfar kwano, da tsohon bayis, matsen ƙarfen nan na makanikai, a kafe a jikin kututture. Na gaishe shi, na miƙa masa wilin. Bai taɓa ko sifana ba. Ya sa yatsa ya juya haƙoran ta baya, ya zura ido a ramin tsakiya, sannan ya ce, “Naka firiwil ne. Zauna.”

Na ce, “Baba, yaya aka yi ka gane?” Ya ce, “Zo ka gani, ɗana. Ka ga tsagogin nan na ciki inda mabuɗi ke shiga? Idan na juya haƙora suka tsaya cik ba su bi ba, firiwil ne. Idan suka bi haƙora suna juyawa tare, to ɗaya irin ne, kuma aikinsa daban.” Gwajin bai ɗauki daƙiƙa biyar ba, kuma shi ne bambanci tsakanin wilina da na mai burodi.

Ya janyo wani gwangwanin madara ya zazzage shi a kan tsumma. Mabuɗai ne iri-iri: mai tsaga goma sha biyu, mai kunne biyu, mai kunne huɗu, domin kamfanoni ba su haɗu a kan siffa ɗaya ba. Ya gwada har ya sami wanda ya zauna ba ya motsi. Ya mayar da notin aksul a kansa ya ɗaure sama-sama don kada mabuɗin ya zame ya cinye tsagogi. Ya matse mabuɗin a bakin bayis, ya kwantar da wilin a kai, haƙora na kallon ƙasa, ya kama taya da hannu biyu kamar direban tirela riƙe da sitiyari, ya murɗa ta hagu. Sai na ji ƙas! Nan take ya tsaya, ya sassauta notin nan, domin firiwil na fitowa yana buƙatar wuri, idan aka bar noti a ɗaure za a iya lalata tiredin cibiya. Daga nan da yatsu ya ƙarasa kwancewa.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne mutumin da ya haura saba'in ya kwance abin da saurayi mai jini a jika ya kasa. Sirrin yana cikin tsawon hannu. Daga cibiyar wili zuwa taya inci 13 ne ko 14, ya fi yawancin sifanun da ke akwatin mai gyara tsawo, kuma hannu biyu ne ke murɗawa ta gefe biyu a lokaci guda. Wilin da kansa ya zama sifana. Wannan ne ma ya sa dattijon ya ja mini kunne da wata magana da ya kamata duk mai keke ya riƙe. Ya ce, “Ko da rim ya mutu za ka sauya, kada ka yarda a yanke sifok kafin a cire firiwil. Idan aka raba cibiya da rim, ba ka da abin kamawa, ka haɗa kanka da aiki.”

Da ya gama sa sifok ya daidaita wilin, sai ya goge tiredin, ya shafa masa giris, ya fara murɗa firiwil ɗin da yatsu a hankali har ya tabbatar ya hau daidai. Tiredin siriri ne, 24 a kowane inci, cibiyoyi da yawa kuma na alminiyam ne mai laushi, idan ya hau a karkace aka matsa, shi ke nan an yi asarar cibiya. Bai ɗaure shi da ƙarfi ba. Ya ce feda za ta ƙarasa. Giris ɗin kuwa, in ji shi, sadaka ce ga wanda zai kwance nan gaba.

Ɗaya irin da dattijon ya ambata shi ne wanda Turawa ke kira kaset, ba na rediyo ba. Kamfanin Shimano na ƙasar Jafan, wanda Shozaburo Shimano ya kafa a garin Sakai a 1921, kuma firiwil ne abin da ya fara ƙerawa, shi ya yaɗa wannan tsari daga ƙarshen shekarun 1970. A nan abin da ke yin tik-tik yana jikin cibiya ne, faifan kuma ana zura su ne kawai a kan wani ƙashi mai tsagogi, a kulle su da zobe a baki. Hikimar ita ce boris na ɓangaren dama ya matso kusa da ƙarshen aksul. A tsarin firiwil mai faifai shida ko bakwai, boris ɗin yana can ciki, an bar wani yanki na aksul ba abin tallafi, shi ya sa masu ɗaukar kaya da goyo ke yawan lanƙwasa shi ko su karya. Yawancin kekuna masu faifai takwas zuwa sama kaset ne, kuma su ne ke ƙara yawa a cikin na gwanjo.

Kaset ba ya ɗaure kansa da feda, don haka cire shi ya fi sauƙi ga wanda ke da kayan aiki biyu. Na farko mabuɗin zoben. Shi ma tsaga goma sha biyu gare shi, ya yi kama da na firiwil ƙwarai, amma awonsu ba ɗaya ba ne, wanda ya tilasta wani a gurbin wani zai cinye tsagogi. Na biyu, abin da za a iya kira bulalar sarƙa: ƙarfe mai faɗi da aka maƙala wa guntun sarƙa. Amfaninta shi ne zoben na kwancewa ta hagu, faifan kuma ta hagun suke juyawa a sake, don haka dole a naɗa bulalar a kan faifai ɗaya a riƙe su, sannan a murɗa zoben. Zai yi wata ƙara kamar ana yaga ƙyalle, wannan ƙananan tsagogin da ke hana shi kwancewa ne, ba ɓarna ba ce. Zobe na fita, faifan za su zare da hannu. A jera su yadda suka fito tare da zobban da ke tsakaninsu. Wajen mayarwa ba a ɓata, domin tsaga ɗaya ta fi sauran faɗi, faifai ba ya shiga sai ta hanya guda. A jikin zobba da yawa ma an rubuta 40 Nm, wato gwargwadon ƙarfin ɗaurin da ake so. Wilin mai burodi irin wannan ne. Aikin minti biyar ne ya zama asarar wili.

Akwai iri na uku da ya kamata a sani, a kekunan cikin gari na Turai da Jafan masu giya a cikin cibiya ko masu birkin feda. Yawancinsu faifai ɗaya ne da wani zoben waya ke riƙe da shi, ana ɓanɓaro shi da siririn sukudireba, a kare ido domin yakan yi tsalle. Ba ya buƙatar bayis, balle guduma.

Adalci ya sa in faɗi cewa gudumar nan ba daga sama ta faɗo ba, tana da asali. Firiwil mai faifai ɗaya na kekunan da, musamman mai araha, sau da yawa ba shi da wurin sa mabuɗi ko kaɗan. Hanyar cire shi ita ce a buɗe shi. A fuskarsa akwai wani zobe mai ramuka biyu wanda tiredinsa na hagu ne, ana dafa kurfi a ramin a buga ta dama ya kwance, ƙwayoyin boris su zube, a cire 'yan harsunan ƙarfen da ke yin tik-tik, sannan a matse ƙashin ciki a bayis a murɗa wili. Gwanayen da har wanke shi suke yi da kananzir, su jera ƙwayoyin da giris, su mayar ya ci gaba da aiki. Wannan ilimi ne na gaske, kuma ya riƙe kekunan ƙasar nan shekaru masu yawa. Matsalar ita ce an gaji bugun, ba a gaji sanin inda ake bugu da dalilinsa ba, sai aka ɗauke shi aka kai kan keken da ba a ƙera shi don haka ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Ba na ganin laifin yaron shago, kuma ba na ganin laifin maigidansa sosai. Mutumin da cinikinsa faci ne da buga iska, abin da ya samu yau shi zai ci yau, da wuya ya ware kuɗi ya sayi ƙarfen da bai taɓa ganin an yi aiki da shi ba, ko da ya san inda ake sayarwa. Masu gyaran keke su ne asibitin talaka a harkar sufuri, kuma su ne waɗanda aka fi mantawa da su. Idan ana rabon kayan sana'a za ka ga keken ɗinki, da injin markaɗe, da kayan aski, da na gyaran waya. Ban taɓa ganin an miƙa wa mai gyaran keke akwatin kayan aiki ba, alhali abin da zai canza aikinsa bai cika gwangwanin madara ba.

Saboda haka ina da kira ga ɓangarori huɗu. 'Yan kasuwar da ke shigo da kekuna kwantena-kwantena su riƙa haɗowa da mabuɗan nan, su ajiye su a inda ake sayar da sarƙa da tayoyi. Wanda ya sayar da keken da ba a iya gyarawa a garinsa yana kashe kasuwar kansa ne, domin mai saye ba zai dawo ba. Maƙeranmu da masu walda su sani bulalar sarƙa ba ta fi ƙarfinsu ba: guntun ƙarfe mai faɗi, da tsohuwar sarƙa, da rami biyu ko uku, an gama. Mabuɗin ne ke buƙatar ƙarfe mai tauri da awo daidai, shi ya sa ya fi kyau a sayo shi. Ƙungiyoyin masu gyaran keke a kasuwanni da unguwanni za su iya yin karo-karo su sayi saiti ɗaya da bayis ɗaya su riƙa ara wa juna, dattawan da suka san aikin kuma a ba su dama su nuna wa yara kafin su tafi da abin da suka sani. Hukumomi irin su NDE da ITF, da kwalejojin fasaha na jihohi, su sa gyaran keken zamani cikin sana'o'in da suke koyarwa. Horon kwana biyu ya isa a koya wa mai gyara bambancin firiwil da kaset, da daidaita giya, da auna sarƙa.

Tun 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya. A irin wannan rana manya kan fito su hau keke na ɗan lokaci, a ɗauki hoto, a yi jawabi kan lafiyar jiki da tsabtar iska, sannan kowa ya koma motarsa. Ba laifi ba ne. Amma da za a ɗauki kaɗan daga kuɗin bikin a sayi mabuɗai a raba wa masu gyara ɗari a gari ɗaya, da an taimaki masu keken gaskiya, waɗanda ba don motsa jiki suke hawa ba, don neman abinci suke hawa.

Mu ma masu kekuna akwai namu. Kowa ya san irin haƙoran da ke bayan kekensa, gwajin yatsa ɗaya ne. Kowa ya riƙa auna sarƙarsa da rula lokaci-lokaci: daga ƙusa ɗaya zuwa ta 24 a gabanta inci 12 ne cif a sabuwar sarƙa. Idan ta ƙaru da 1/16 na inci, a sauya ta tun haƙora na da rai. Idan ta kai 1/8, mai yiwuwa haƙoran ma sun tafi. Sarƙa ta fi haƙora araha, rigakafi kuma ya fi magani. Wanda yake da hali ya sayi mabuɗin da ya dace da kekensa ya ajiye, ranar gyara ya tafi da shi ya miƙa wa mai gyara, ya bar shi ya gwada da hannunsa. Sannan kafin a taɓa wilinka ka tambaya cikin ladabi, da me za a cire? Matambayi ba ya ɓata. Mai gyaran kirki ba zai ji haushi ba, wanda ba shi da kayan aikin kuma zai fi masa mutunci ya ce a gwada gaba.

Muna yawan kukan cewa kayan zamani ba su da ƙarko, ba kamar na da ba. Wani lokaci gaskiya ne. Amma sau da yawa kayan lafiyarsu ƙalau, hannunmu ne bai riga ya san su ba. Ƙasar da tsadar mai ta mayar da jama'arta kan keke ba ta da rarar wilin da za ta riƙa kashewa saboda sifok ɗaya. Allah Ya sa wa sana'o'inmu albarka, Ya ba masu gyara da masu hawa haƙurin tsayawa su duba kafin su buga.